Ɗiyata Ba Akuya Ba Ce

Akwai wani magidanci a wani ƙauye da ke cikin duwatsun Buza, ana ce masa Alƙasim. Irin mutanen nan ne namu na Adar da ba sa shekara a gida. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, sai ya rataya jaka ya kama hanyar Abijan, inda yake da teburin shayi da burodi. Ba a sake ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Mutumin kirki ne, wannan kam ba a musu. Amma in kana son ka ga inda wayonsa yake ƙarewa, to ka taɓo masa autarsa Raihana. Yayyenta maza biyu suna lakwal, wato makarantar boko, a Madawa wurin baffansu, ita kaɗai ce a gabansa.

Kun san yadda ake yi a gidajenmu. Maigida ba ya cinye abincinsa tas, sai ya rage ɗan wani abu a gindin kwano saboda ƙaramin gida, shi ne suɗi. To suɗin Alƙasim na Raihana ne, ba mai taɓawa. Tun tana rarrafe take zama daf da tabarmarsa tana bin lomarsa da ido. Ko ya tafi cin rani, ba ta yarda a zuba mata abinci sai a kwanon Baba mai jan murfi.

A gidan akwai mahaifiyarsa, Inna Cima, tsohuwa mai baki da zafin nama. Gidansu a kan dutse yake, ƙasar duk tsakuwa ce. Da kanta ta riƙa ɗebo ƙasa daga kwari a tasa, shekara da shekaru, har ta haɗa wani ɗan lambu a bayan ɗakinta. Bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. Ta kewaye shi da ƙaya, ta rufe shi da tsohon gidan sauro saboda kaji da tsuntsaye.

Ruwan alwala, ruwan wankin hatsi, ba ɗigon da ake zubarwa a banza a gidan nan. Duk lambu yake tafiya. Akwai zogale uku a tsaye. Da damina ga yakuwa, ga alayyafo, ga kabewa tana hawa danga. Da sanyi kuma karoti, wato karas, da salati da tumatir.

Sai dai fa Alƙasim ba ya cin ganye. Ko a miya ya hango kore, sai ya ture kwanon. Matarsa Zulaiha ta saba, tukunyarsa daban take ɗorawa.

Wata rana, lokacin Raihana tana da shekara uku, Inna Cima ta yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta a baki, yarinya kuwa tana karɓa har da lashe yatsa. Sai ga Alƙasim ya shigo, kwanansa biyu da dawowa daga Abijan.

Ya sure ɗiyarsa sama yana dariya ya ce, "Haba Inna! Ganye? Ɗiyata ba akuya ba ce." Ya zaro biskit daga aljihu ya sa mata a hannu.

Inna Cima ta ce, "Kai dai ka iya bakinka gaban yaro."

Ya ce, "Wasa nike, Inna."

Shi wasa yake yi. Ita Raihana ba ta san wasa ba, ta san dai Baba ya faɗa.

Daga ranar nan an gama. Duk abin da ya fito daga lambun Kaka, Raihana ta sallama shi. In an zuba mata tuwo da miyar ganye, sai ta ci gefen da miya ba ta taɓa ba. In ta ga ɗan kore a cikin shinkafa, sai ta zauna tana tsince shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a gero. Karoti ma da ba kore ba, ta ce ai daga wurin awaki ya fito. Kowa ya matsa mata sai ta murguɗa baki ta ce, "Ni ba akuya ba ce."

Mutane su yi ta dariya. Wallahi har kiranta ake yi a ce ta maimaita. Uban kuwa daɗi yake ji. Daga Abijan yake aiko da makaroni da biskit da alawa, a kawo su a kwali, a ce na auta ne.

Haka aka yi shekara uku.

Daminar da Raihana ta cika shekara shida, Zulaiha ta lura da wani abu. Da rana yarinya lafiya lau, tana tsalle-tsallenta. Amma da rana ta faɗi sai ta nemi jikin bango ta manne, ba ta motsi. In an aike ta ɗauko ludayi sai ta ce ƙafarta ke ciwo. Uwar ta ɗauka tsoron duhu ne irin na yara.

Ran nan Alƙasim ya yi yamma a gona, bai shigo gida ba sai da ake kiran magariba. Kullum Raihana ce ke rugowa ta karɓi malafarsa. Ya yi sallama, ta ji muryarsa, ta zabura a guje. Sai ji aka yi ƙum! Ta yi karo da turmi da ke tsakar gida, ta faɗi.

Bai kai ga ɗaukarta ba ta miƙe da kanta, ta tsaya tana miƙa hannu a iska. Yana tsaye a gabanta, taku uku ne tsakaninsu. Ta juya fuska gefe ta ce, "Kaka, ina Baba? Na ji shi."

Jama'a, sai malafar ta suɓuce daga hannun Alƙasim.

Inna Cima ta taso daga kan buzunta, ta kaɗa hannu a gaban idon yarinyar. Ko ƙiftawa ba ta yi ba. Tsohuwa ta ce, "Dundumi ne. Da rana tana gani, rana na faɗuwa ido ya rufe. Gobe da sassafe ka kai ta likita, kada ka tsaya jin ta bakin kowa."

Da safe ya goya ta a babur suka tafi Buza. Madam ɗin da ke duba yara ta buɗe idon ta haska, ta duba fatar hannunta, sannan ta yanke bakin wata 'yar jar ƙwaya ta matse mata a baki. Ta faɗa masa ranakun da zai sake kawo ta. Sai ta ce, "Me take ci a gida?"

Nan Alƙasim ya gyara zama. Ya fara lissafi da alfahari: makaroni, shinkafa, biskit, burodi, shayi.

Madam ta ce, "Ganye fa? Zogale, alayyafo, karoti, kabewa?"

Kafin ya buɗe baki, Raihana ta riga shi. Ta ce, "Ni ba akuya ba ce."

Madam ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyo ta ce, "Wa ya gaya miki haka, 'yan mata?"

Raihana ta nuna shi da yatsa ta ce, "Babana."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Alƙasim ya shige.

Madam ta dube shi ta ce, "Malam, maganin nan zai buɗe mata ido cikin 'yan kwanaki, in Allah ya so. Amma ba ya zama a jiki har abada. Abin da idonta ke nema yana cikin abincin da take ƙi. In ba ta ci ba, ciwon zai dawo, kuma in ya yi ta dawowa yana iya taɓa idon gaba ɗaya, dare da rana. Kuna da lambu kusa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "A cikin gida ma yake."

Magani ya yi aiki, alhamdu lillahi. Kafin sati Raihana ta koma karɓar malafa da magariba. Amma ganye? Ina!

Ba irin dabarar da ba a yi ba. Zulaiha ta shanya zogale ta daka ta barbaɗa a miya, yarinya ta sansana ta ture. Alƙasim ya yi lallashi, ya yi alkawarin takalmi mai fitila. Ran nan har tsawa ya yi mata, abin da bai taɓa yi ba. Ta karɓi loma ta ajiye a kumatu, ta zagaya bayan rumbu ta tofa wa akuyar Kaka. Akuya dai ta yi ƙiba a daminar nan, har maƙwabta na tambayar me ake ba ta.

Da ya ga haka sai ya ce bari ya yi mata wayo. Ya sa aka kawo kwaɗo, ya zauna gabanta ya ce, "Kin ga, ni ma ina ci." Ya ɗebo ya kai baki, ya motsa laɓɓa, ya faki ido ya saki a bayan tabarma.

Ya manta an gyara mata ido. Ta zagayo ta ɗaga gefen tabarma ta ce, "Kaka, zo ki gani! Baba ma bai ci."

Inna Cima ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kam bai yi ba.

Gero ya fara nuna. Abokan tafiyarsa sun fara maganar ranar tashi. Alƙasim ya rame, don ya san in ya tafi a haka, wata bakwai zai yi, kuma maganar da ya dasa a kan yarinyar nan ba mai iya cire ta. Zai bar ta da kwalin biskit da idon da ke jiran rufewa.

Wata safiya ya sami mahaifiyarsa a lambu tana ba zogale ruwa da buta. Rabonsa da ya taka wurin har ya manta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zauna a gefenta.

Ta ce, "In magana ce ka yi ta, in kuma zama ne riƙe mini butar."

Ya ce, "Inna, ba ƙi nike ba. Ba ni iyawa ne. Da na ji warin dafaffen ganye sai in ga shekarar yunwa. In gan ki kina tafasa ganyen daji ba gishiri, safe da yamma. In ga Aziza kwance bisa tabarma." Aziza ƙanwarsa ce, ta rasu a shekarar tana da shekara biyu, shi yana da bakwai. Ya ce, "Ranar da anka binne ta na yi wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni ɗiya, ba su cin abin da munka ci."

Inna Cima ta ajiye butar. Shekara arba'in suna gida ɗaya, bai taɓa faɗa mata wannan ba.

Ta ce, "Ashe abin da ka riƙe ke nan. To saurara, ɗan nan. Aziza ƙyanda ce ta kama ta, maƙogwaro ya rufe, ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Na yi ta ɗura mata ruwan ganyen shina dawowa. Da ta iya ci kamar yadda ka ci, wataƙila da yanzu tana ɗakinta da ɗiyanta. Kai ka ci, kana kuka kana ci, ina dukanka kana ci. Ga ka nan da gemu. Ganyen da kake zagi shi ya riƙe mini kai."

Ta nuna lambun da hannu ta ce, "Kana zaton don rashin aikin yi na kwaso ƙasar nan a ka? Ni ma ranar na yi nawa alkawarin. Na ce muddin ina da rai, ba a sake wayewar gari a gidana babu koren abu da za a sa wa yaro a baki."

Alƙasim ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, kuka sosai irin wanda babban mutum ba ya so a gani. Tsohuwa ta bar shi ya yi. Da ya gama ta ce, "Tashi ka share hanci, kana taka mini yakuwa."

Da azahar ya ce wa Zulaiha, "Yau kada ki ɗora mini tukunya daban. Ki yi kwaɗon zogale, ki zuba a kwanona."

Ta ce, "A naka kwanon? Mai jan murfi?"

Ya ce, "Shi."

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa kamar kullum. Bai kira Raihana ba, bai ko dube ta ba. Ita ce ta zo ta zauna a wurinta na jiran suɗi. Ya buɗe murfi, ta leƙa, ta ja da baya.

Ya yi bisimilla ya ɗebo. Lomar farko ta tsaya masa a wuya, ta yi kamar za ta dawo. Ya runtse ido ya haɗiye. Ya ɗebo ta biyu. Hawaye suka zubo masa, Zulaiha ta ce ko ruwa za a kawo, ya ce barkono ne ya yi yawa. Ita kuwa ta san ko ƙwaya ɗaya ba ta sa ba.

Raihana ta zagaya ta ɗaga gefen tabarma. Ba komai. Ta duba hannun rigarsa. Ba komai. Ta ce, "Buɗe bakinka." Ya buɗe, harshe kore shar.

Ta ƙura masa ido. Can ta ce, "Baba, kai akuya ne?"

Inna Cima ta toshe baki da gefen zane.

Ya jawo ta jikinsa ya ce, "A'a auta, ni ba akuya ba ne. Abin da na gaya miki tun kina ƙarama, ba gaskiya ba ne. Ni na yi kuskure, Kaka ce ke da gaskiya. Wanga abincin mutane ne, kuma shi ke sa ido ya gani."

Ya ci gaba da ci har ya rage kaɗan a gindin kwano. Ya ture mata shi gefe kamar yadda ya saba, ya tashi ya tafi wanke hannu, bai ce mata ci ba.

Kada in yi muku ƙarya in ce ta cinye a ranar. Ƙuli-ƙulin kawai ta lashe ta bar ganyen. Washegari ya sake ci, ta ɗauki ganye ɗaya ta tauna tana yamutsa fuska. Rana ta huɗu sai ga kwano an suɗe shi tas, har tana cewa Baba ya cika ci, bai rage da yawa ba.

Saura sati ya tafi, ya ɗauki tasar Inna Cima ya gangara kwari. Sawu goma sha ɗaya ya yi yana ɗebo ƙasa a ka, mutane na tsayawa suna kallon mai shayin Abijan da tasa. Ya haɗa ɗan fangali a gefen na Kaka, ya ce wannan na Raihana ne. Da sanyi ya shigo, Kaka ta ba ta irin karoti ta shuka da hannunta.

Yana Abijan ma ba ta bar shi ya huta ba. Duk Juma'a sai ta karɓi wayar uwarta ta aika masa da murya: "Baba, ka ci ganye? Nuna mini." Dole ya nemi miyar ganye, ya sa a ɗauke shi bidiyo yana ci, ya buɗe baki a ga harshe. Abokan zamansa 'yan Tamaske suka samu abin tsokana, da ya zauna cin abinci sai wani ya yi kukan akuya. Ya ce su yi ta yi.

Ita kuma karotinta ya yi kyau. Ta ci ɗanye, ta ci a miya, ta ba ƙawayenta. Kabewa, alayyafo, salati, duk ta shiga ci, har Kaka ta fara ƙorafin an sa mata fara a lambu. Amma akwai karoti ɗaya a kusurwar fangali da ta hana kowa cirewa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, Kaka ta ce, "Ke, wanga ya tsufa, ya zama icce." Ta ce a bar mata abinta. Ta yi masa rumfa da tsohon faifai, kullum tana ba shi ruwan alwalar Kaka.

Ranar da zai dawo, motar ta yi latti. A bakin babbar hanya aka sauke su, su shida, suka tako da ƙafa da kaya a ka. Rana ta riga ta faɗi, ana kiran magariba, gari ya yi duhu-duhu. Mata da yara na tsaye a bakin gari, ana hango mutane tafe amma ba a gane kowa.

Zulaiha na cewa, "Anya su ne kuwa?" sai Raihana ta fizge hannunta. Ta ce, "Ga Baba can! Na ukun, mai jaka biyu!"

Ta sheƙa a guje cikin duwatsun nan, tana tsallake wannan tana kauce wa wancan, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Alƙasim ya yar da jakunkunan ya durƙusa a tsakiyar hanya, ta faɗa jikinsa. Ya riƙe fuskarta ya ce, "Tun daga can kika gan ni?"

Ta ce, "Tun daga wajen icen can."

Ya ce alhamdu lillahi, yana ta maimaitawa.

Bayan ya yi salla, aka shimfiɗa masa tabarma. Kafin Zulaiha ta kawo tuwo, sai ga Raihana da kwano mai jan murfi, ta riƙe shi da hannu biyu. Ta ajiye a gabansa ta buɗe. Karoti ne guda ɗaya, ƙato, duk ya tsattsage ya yi gashi, an wanke shi fes.

Ta ce, "Na cinye sauran. Wanga suɗinka ne, na rage maka."

Ya ɗauka ya gatsa. Wallahi kamar ya ciji ƙotar fartanya, ga ɗaci. Inna Cima ta ce, "Kai, ajiye shi kada ka bar haƙoranka a ciki, a ba akuya."

Ya ce, "A'a Inna. Wanga ba na akuya ba ne."

Ya zauna yana gurgura, Raihana na gefensa tana bin lomarsa da ido, har ya cinye shi duka.

Darasi: Yaro ba ya cin abin da ka umarce shi, abin da ya ga kana ci yake ci, kuma maganar da ka yi da wasa a gabansa ita yake riƙewa da gaske. Kada mu raina ganye da kayan lambun gidajenmu a gaban 'ya'yanmu. Mu ci su gani, mu ba su ɗan wurin da za su shuka da hannunsu, in kuma mun yi kuskure mu faɗa musu ba tare da jin kunya ba. Ku tura wa wani uba ko wata uwa labarin nan, wataƙila akwai yaron da ke jiran ya ga an fara ci ne kawai.